Hanyar Filinge: itatuwan Kurfai da ciwon gyambo

Daga Yamai zuwa Filinge kusan kilomita 180 ne. Mota tana fita ta gabas maso arewa. Da farko ƙasar tudu ce, fako da tsakuwa. Geza da sabara sun yi jeri-jeri, tsakaninsu fili ƙwal, ko haki babu. Bayan wajen kilomita 100 sai hanya ta gangara cikin wani babban kwari. Shi ne Dallol Boso. Dallol kalmar Fulatanci ce, ma'anarta kwari. A zamanin da, tun kafin kakannin kakanni, gulbi ne mai gudu. Shina tasowa daga Azawak, ya gangara kudu har ya faɗa kogin Kwara. Yau gulbin ya ƙafe, rairayi ya rufe shi, amma ruwan bai tafi duka ba. Shina nan kwance ƙarƙashin ƙasa. A wurare da yawa cikin dallol, gaba biyu ko ukku ake ginawa a iske ruwa.

Garin farko babba cikin kwarin shi ne Baleyara. Kasuwarta tana ci ranar Lahadi, kuma tana cikin manyan kasuwannin bisashe na ƙasar Nijar. Daga nan hanya ta juya arewa, ta bi cikin dallol. Ta ratsa Tagazar, ta raɓi Tondikandiya ta Zabarmawa, ta shiga Imanan, kana ta kai Kurfai, ƙasar Hausawa Kurfayawa, inda Filinge take.

Matafiyi ba ya bukatar a gaya mashi ya shigo dallol. Itatuwa ne ke gaya mashi. Bisa tudu icce gajere ne. Cikin kwari kuwa ga gawo manya-manya tsakiyar gonakin hatsi, ga goriba, ga aduwa da magariya. Cikin garuruwa bedi ne ko'ina, wanda wasu ke kira dogon yaro. Shi ne inuwar kasuwa, shi ne inuwar lakkol da gidan likita.

Amma wanda ya tsaya ya ɗaga kai zai ga wani abu. Ba duka itatuwan ke da lafiya ba. Wani gawo rabinshi ɗanye, rabi busasshe. Wani bedi rassanshi tsirara, sai ɗan tukkun ganye can bisa. Wani lemu gindinshi na zubar da ƙaro. Mutane kan ce icce ya tsufa, ko a ce gara ce, ko a ce ikon Allah. Komi ikon Allah ne. Amma ciwon icce shina da dalili, kamar ciwon saniya, kuma da yawa cikin dalilan suna hannun mutum.

Yadda gyambo ke kashe icce

Icce shina da hanyoyi biyu cikin jikinshi. Ta cikin itacen ruwa ke hawa daga saiwa zuwa ganye. Ƙarƙashin ɓawo kuma akwai wani ɗan nama mai laushi, mai danshi, bai kai kaurin farce biyu ba. Ta nan abincin da ganye ya haɗa ke sauka zuwa saiwa. Ta nan kuma icce ke ƙara kauri kowace shekara. Ɓawo shi ne rigar da ke tsare wanga nama.

Akwai ƙwayoyin cuta dangin funfuna, irin wadda ke fitowa bisa tuwon da ya kwana biyu. Irinsu ƙanƙane ne, ido ba ya ganinshi. Iska na ɗaukarshi, ɗigon ruwan sama na watsa shi, bakin gatari da na adda na kai shi daga icce zuwa icce. In ɓawo na rufe, da wuya ya shiga. In akwai rauni, ya samu ƙofa. Sai ya ci naman nan mai laushi. Wurin ya yi duhu, ya lotsa ciki, ɓawo ya tsage, wani lokaci ƙaro ya riƙa tsatsowa. Wanga shi ne gyambon icce.

Icce mai ƙarfi shina yaƙi. Shina tsiro da sabon nama a gefen raunin, kamar leɓe, har ya rufe shi. Kowa ya taɓa ganin irin tabon nan a jikin tsohon icce. Icce mai ƙishirwa kuwa ba ya iyawa. Gyambo sai ya yi ta faɗi har ya kewaye reshe kamar zobe. Ran da zoben ya haɗe, duk abin da ke bisanshi ya mutu. In ga reshe ne, reshe ya tafi. In ga gindi ne, icce ya tafi gaba ɗai.

Abu biyu ke nan ke haɗuwa: ƙishirwa da rauni. Duk sauran zancen bisa su yake.

Garakan Bonkuku

A Bonkuku, babban garin Imanan, ruwa na kusa ƙwarai. In sanyi ya shigo, garake sun yi kore shar. Dankalin turawa na Bonkuku sananne ne har kasuwannin Yamai. Cikin garakan dallol ana dasa mangwaro da lemu da gwaba. A nan ciwon ba na ƙishirwa ba ne, na yawan ruwa ne.

Mai garka shina son lemunshi. Sai ya yi mashi kwano a gindi, ya cika shi da ruwa, gindin ya wuni cikin laka. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune cikin jiƙaƙƙar ƙasa, masana na kiranta Fitoftora. Ita ke kama gindin lemu daidai bakin ƙasa. Ɓawo ya jiƙe, ya yi baƙi, ƙaro ya zubo. Ganye ya yi rawaya ta gefen da gyambon yake. Lemun kan yi ƴaƴa da yawa ƙanana a shekarar, mai garka ya yi murna, alhali alamar bankwana ce.

Maganin farko ba na saye ba ne. A yi kwano biyu. A tara ƙasa kewaye da gindi, kamar kamu biyu daga jikin icce, yadda ruwa zai tsaya daga waje, ya sauka ga saiwa, kada ya taɓa gindin. In lemun mai aure ne, a dasa shi mahaɗin na bisa ƙasa sosai, kada a turbuɗe shi. In ana noma a kiyaye, kada hauya ta sari gindi. In gyambo ya riga ya kama kuma bai kewaye ba, a kankare ruɓaɓɓen ɓawon da wuƙa mai tsabta har a kai ga mai lafiya, a shafa maganin nan shuɗi na jan ƙarfe wanda malaman gona sunka sani.

Mangwaro nashi daban ne. Shina bushewa daga bisa zuwa ƙasa. Ganye ya bushe ya yi ja, amma shina nan manne ga reshe, bai faɗi ba. In an tsaga reshen a ga baƙin zane ciki. A Burkina Faso, inda mangwaro ke kawo kuɗi masu yawa, masu bincike sun gano funfunar da ke yin hakan, sunanta Lasiyodiplodiya. Ta fi kama iccen da ya sha wuyar rani ko wanda anka sassare ba bisa ƙa'ida ba. Ƙungiyar RECA ta manoman Nijar tana bada shawara bisa cututtukan garka, da Hausa da Zabarmanci.

Bedin Filinge da abin da ya faru a 1990

Filinge tana zaune cikin dallol, ga duwatsun bakin kwari ana hangensu daga gari. Ruwan sama a nan wajen milimita 400 ne a shekara, wata shekara bai kai ba. A riƙe wanga lissafi, don shi ne bakin zaren labarin bedi.

Bedi baƙo ne. Asalinshi ƙasar Indiya da Bama. Turawan Ingila sunka kawo shi Afirka ta yamma. A 1928 anka dasa shi a Barno, daga baya ya bazu cikin ƙasar Hausa duka. Jama'a sun karɓe shi don ba shi da wuyar reno. Shina girma da sauri, bisashe ba su cika cin ganyenshi ba, gara ba ta cika son itacenshi ba. Amma bedi ya fi jin daɗi inda ruwan sama ya wuce milimita 400. Ke nan a Kurfai shina zaune ne bakin iyakar abin da yake iya ɗauka, sai fa inda saiwarshi ta kai ga ruwan dallol.

Bayan babban farin 1973 da 1974, gwamnati ta maida hankali ga dashen itace. Shugaban ƙasa na lokacin, Seyni Kunce, ɗan yankin nan ne, an haife shi a Fandu cikin Tondikandiya. Tun 1975 ake dasa itace ranar 3 ga watan Agusta. A watan Mayu na 1984 anka yi babban taro a Maraɗi bisa yaƙi da hamada, anka ɗauki alkawarin dashe a kowane gari. Mafi yawan abin da anka dasa a shekarun nan bedi ne. A kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji sun fara jera bedi tun 1975 don tare iska. Jeri biyu-biyu, tsakaninsu mita 100 na gona. An auna, an ga hatsi ya ƙaru da wajen kashi 20 cikin 100 a gonakin da ke bayan jerin.

Sai masifa ta fara. A tsakiyar shekarun 1980 wani ɗan ƙwaro mai manne ma ganye, mai tsotse ruwanshi, ya ɓata bedi da yawa a kewayen tafkin Cadi. Wanga an san shi, an gan shi da ido. A ƙarshen 1990 kuma anka bada labarin wani ciwo daban a Nijar. Tsohon ganye ya yi rawaya ya zube. Sabon toho ya taru a kan reshe, gajere, cunkushe. Reshe ya zama dogo tsirara da ɗan tukku bisa. Wani lokaci ƙaro ya fito a kan tohon. Daga nan rassa su fara bushewa. An ga ciwon a kudancin Nijar, an gan shi a arewacin Najeriya da Kamaru da Cadi da Mali.

Masanan da sunka zo sun raɗa ma alamar suna, wai wuyan raƙumin dawa. Mutanen dallol ba su bukatar a yi masu bayani. Raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta yamma mafi yawansu cikin Dallol Boso suke, wajen Kure. A 1996 sun rage kusan 50 kaɗai, yau sun wuce 600. Su kuma ganyen gawo da na dangin ƙaya suke ci.

Hankali ya tashi ƙwarai a lokacin, don an zuba dukiya da ƙarfi bisa icce guda. A 1992 masana cututtukan itace sunka zo daga Amurka da Ingila. Cikinsu akwai Charles Hodges da Jerome Beatty da Eric Boa. Sun yanki rassa, sun tone saiwa, sun auna ƙasa. Da farko an zargi wata funfuna mai toshe hanyar ruwa cikin icce. Bincike bai tabbatar da ita ba. An iske funfuna iri-iri a jikin busassun rassa, amma irin masu zuwa ne bayan icce ya riga ya raunana, kamar yadda ƙuda ke taruwa bisa gyambon jaki. Abin da masanan sunka fi tsayawa kai shi ne wahalar wurin zama: ƙarancin danshi bayan shekarun fari, ƙasa da ta daddale don takun mutane da bisashe, da itatuwan da anka dasa kusa da juna suna rabon ruwan da bai ishe su ba. An kuma ga itatuwa da dama sun farfaɗo inda sunka samu ruwa.

Akwai wani dalili da anka yi zance kai. Irin bedi ba ya jimawa. Makonni kaɗan bayan an tsinke shi ya daina tsira. Don haka ba a kawo iri da yawa daga Indiya ba. Ana zaton bedin ƙasashen nan duka jikokin ƴan itatuwa kaɗan ne. Garken da ya fito daga sa guda, in ciwo ya iya ma ɗaya ya iya ma saura. Shi ya sa a 1994 hukumar FAO ta haɗa ƙasashe don musayar irin bedi da gwada shi.

Wanga labari shina da amfani ga mai bedi a ƙofar gida yau. In ya ga wuyan raƙumin dawa, kada ya ruga kasuwa sayen maganin feshi. Masu tallar magani ba za su ce mashi a'a ba, kuɗi suke nema. Feshi ba ya shiga ƙarƙashin ɓawo, kuma ba ya kashe ƙishirwa. Ya duba ƙasar gindin. In ta yi tauri kamar daɓe, ya farfasa ta daga nesa da gindi, daidai inda inuwar ta ƙare, don nan ne ƙananan saiwoyi ke sha. Ya yi mata rabin wata ta tare ruwan damana. Ya zuba taki da kara. Ya matsar da turken bisa. In itatuwa biyar ne a wurin da ke iya ɗaukar ukku, gara a fidda biyu a yi azara da su, da a rasa biyar.

Can ƙasar Amurka ma

Ba talaka kaɗai ke ganin wagga wahala ba. A yammacin Amurka da Kanada akwai wani icce da ake kira fir na Daglas. An sa mashi sunan David Douglas, wani mutumin Sikotlan mai neman tsirrai, wanda ya aika irinshi Ingila a 1827. Ganyenshi siriri ne kamar allura, ba ya zubewa rani da damana. Tsawonshi kan wuce mita 70, wato kamar an ɗora manyan gawo ukku bisa juna. Da katakonshi ake gina gidaje a can. A jihar Oregon da ta Washinton dubban mutane da shi suke ci.

A farkon shekarun 1930, bayan fari, anka ga samarin itatuwan nan suna bushewa daga kai a Kalifoniya. Ganye ya yi ja. Ƙarƙashin wurin da ya bushe, ga lotsattsen gyambo ya kewaye reshe. A 1933 wani masani mai suna Hahn ya bayyana funfunar, ana kiranta Fomopsis. Tun daga lokacin, in fari ya yi, ciwon ya kan dawo. An gan shi da ire-irenshi a Oregon bayan busassun shekarun 2013 zuwa 2015. Ya fi kama ƙananan itatuwa da anka dasa bisa ƙasa marar zurfi, ko wurin da rana ke duka, ko inda haki ke shanye masu ruwa. In ruwa ya dawo, galibi ciwon ya kan tsaya da kanshi, icce ya rufe tabon.

Mutanen can suna da jiragen feshi da kuɗin magani. Duk da haka ba feshi malamansu ke cewa a yi ma daji ba. Cewa suke a dasa icce inda ya dace da shi, a ɗauki iri daga itatuwan yankin, a rage cunkoso, a nome hakin gindi, a kiyaye rauni, a yanke reshen da ya kamu a fidda shi. Babu ko ɗaya cikin waɗanga da manomin Kurfai ba ya iya yi da hannunshi.

Gawo da gatari

Daga Filinge zuwa ƙauyukan Kurfai, irin su Shikal da Luma da Icigin, gawo ne sarkin gona. Ba baƙo ba ne kamar bedi. Halinshi kuma ba irin na sauran itatuwa ba. Da damana, lokacin da kowa ke toho, shi zubar da ganye yake. Ganyen ya zama taki, rana ta kai ga hatsin da ke ƙarƙashinshi. Da rani, lokacin da kowa ya bushe, shi ya yi kore. Saiwarshi na nutsawa har ga ruwan ƙasa. Shina kuma ƙara ma ƙasa ƙarfi ta saiwarshi, kamar yadda wake ke yi. Bisashe na kwana inuwarshi su bar taki. Kowane manomi ya san zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili. Ƴaƴanshi abincin bisa ne mai kyau, har a buhu ake saida su a kasuwa.

Alherin nan nashi shi ke jawo mashi gatari. A watan Afrilu da Mayu haki ya ƙare, kara ya ƙare, dusa ta yi tsada. Ba wani kore a ƙasa sai gawo. Makiyayi na kallon saniyarshi ta kasa tashi. Ba mai hankalin da zai ce mashi ya bar ta ta mutu don icce. Kakanni ma suna saran gawo su ba bisashe. Abin da ya sake shi ne yawan bisashe, da ƙarancin makiyaya, da kuma rashin kwanciyar hankali a arewacin jihar Tilaberi cikin shekarun baya-bayan nan, wanda ya hana garke da yawa zuwa inda sunka saba. Bakuna sun yi yawa bisa icce guda.

Kuma ba makiyayi kaɗai ke sara ba, a faɗi gaskiya. Mai gona ma na sara don tumakin gida, ko don shinge. Mai magani na ɓare ɓawo. Wani ya ƙone kara a gindi lokacin sassabe, wuta ta dafa ɓawon gefe guda.

Saran da ke kashe gawo sananne ne. Yaro ya hau da dare ko da sauri, don tsoron mai gona ko ɗan gandun daji. Ya sari babban reshe daga bisa. Kafin ya gama, nauyi ya karya reshen, ya yage ɓawo har ƙasa kamar an feɗe akuya. Abin da ya rage kututture ne mai tsage-tsage, bakinshi na kallon sama. Damana ta zo, ruwa ya kwanta ciki. Funfuna ta shiga, ƙwaro mai huda icce ya bi, gara ta zo daga ƙarshe. Ita ake gani, ita ake zagi, alhali ta iske aiki an gama. In an ƙwaƙule icce duka a shekara guda, an kuma koma baɗi, ba shi da ganyen da zai haɗa abincin rufe raunukan. Ba ya kuma yin ƴaƴa, don gawon da anka aske kan ɗauki shekaru kafin ya sake zuba su da yawa. Wanda ya aske shi ya ci na wata guda, ya hana kanshi buhunan shekara biyu ko ukku.

Ga saran da icce ke iya ɗauka. A zaɓi ƙananan rassa, waɗanda ba su wuce kaurin damtse ba, a bar manya. Kada abin da anka cire ya wuce kashi ɗaya cikin ukku na ganyen. Kan icce, wato tohon da ya fi tsawo, a bar shi. A fara sara daga ƙarƙashin reshe, kana a gama daga bisa, don kada ɓawo ya yage. Bakin saran ya zama sumul, a karkace, yadda ruwa zai zurare. Gatari ya zama mai kaifi, zarto ya fi. Iccen da anka sara bana a bar shi ya huta shekara biyu ko ukku, a koma ga wani.

In reshe ya riga ya kamu da gyambo, a yanke shi ƙasa da wurin, kamar kamu guda cikin ɗanyen itace. A duba bakin yankan. In akwai baƙi ko ja-ja ciki, a ƙara sauka. Ranar da babu ruwa ake yin wanga aiki. Reshen da anka cire kada a jingine shi a gindi, kada a sa shi cikin shingen garka. A kai shi murhu, ya dafa tuwon ranar. Kafin a taɓa wani icce a wanke bakin ƙarfen da ruwan Jabel, awo ɗaya cikin awo tara na ruwa, ko a lasa shi ga wuta. Wanzami ma ba ya aske mutum biyu bai goge aska ba. Haka ake yi ma kauci in ya kama gawo ko bedi: a yanke reshen ƙasa da inda ya manne, don shi ma ruwan icce yake sha.

Doka na da magana a nan. Gawo na cikin itatuwan da anka tsare tun dokar gandun daji ta 1974, kuma dokar 2004 ta biyo bayanta. Ba a kada shi sai da izni. Amma shekaru da yawa tsoron tara ya sa manoma na ganin icce na gwamnati ne, ba nasu ba. Wanda ba nashi ba kuwa, ba ya jinyarshi. Wasu ma na cire ɗan gawo tun shina ƙarami don kada ya jawo masu magana. A jihar Maraɗi, tun 1983, anka fara abin da ake kira sassaben zamani. Manomi ya bar tohon da ke fitowa daga tsohon kututture, ya zaɓi biyu ko ukku masu ƙarfi, ya rage saura. Ta haka anka maido itatuwa wajen miliyan 200 bisa hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar, mafi yawa a Maraɗi da Damagaram. A 2020 gwamnati ta fidda doka ta musamman da ta tabbatar ma manomi hakkin amfani da iccen da ya rena a gonarshi. Iccen da ya tsiro da kanshi kuwa ya fi na dashe jure ƙishirwa, don saiwarshi ta riga ta yi nisa.

Inda mai gona da makiyayi sunka zauna gaban maigari tun kafin bazara, sunka shirya wane icce za a sara bana, wane za a bari, da rana ake hawa, ba da dare ba. Mai sara da rana ba ya gaggawa, shina da lokacin fara sara daga ƙarƙashi.

Tukunus

Wajen kilomita 20 arewa da Filinge akwai Tukunus. Tun 1954 gidan kiwon gwamnati yake a nan, fili mai hekta fiye da 4000, inda ake renon shanun Azawak, jajayen nan masu nono da anka sani har ƙasashen maƙwabta. Daga nan gonaki na raguwa, hanya ta nufi Abala da iyakar Mali. Gawo na ƙaranci. Aduwa da kandili, masu ƙaramin ganye da yawan ƙaya, da kuma anza ke karɓar wuri. Bedi ba a ganinshi sai cikin gari, kusa da rijiya ko bayan ɗaki inda mata ke zubar da ruwan wanke-wanke. Wanda ke shan ruwan nan ganyenshi duhu ne, cike. Ɗan'uwanshi na bakin kasuwa, inda ake ɗaure jakkai, shi ne mai wuyan raƙumin dawa.

Mai niyyar dashe ranar 3 ga Agusta a wanga yanki, ya gina raminshi tun watan Yuni, kamu biyu faɗi da zurfi, ya zuba taki ya bari ruwan farko ya jiƙa shi. Ya cire ledar kafin ya dasa, ya yanke saiwar da ta nannaɗe a ƙasanta. Ya kewaye shi da ƙaya, don haƙorin akuya shi ne raunin farko da ɗan icce ke samu. Bisa tudu da fako ya sa aduwa ko bagaruwa ko magariya. Mangwaro da lemu na cikin kwari ne, inda guga ke kaiwa.